Shan Taba Da Ilimin Taimaka Wa Mai Son Dainawa A Tsakanin Likitoci Masu Koyon Aiki: Ina Matsayin Harshe?

1.0 Gabatarwa

Taba tana daga cikin abubuwan da suka fi salwantar da rayuka a wannan zamani, alhali kuwa cututtukan da take haddasawa irin waɗanda ake iya kauce musu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 7 ne ke rasuwa a kowace shekara sanadiyyar taba, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba mashaya ba ne, hayaƙin wasu kawai suke shaƙa. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu amfani da taba suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. A Nijeriya, binciken da aka gudanar a tsakanin manya a shekarar 2012 ya nuna cewa kashi 5.6 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa sama suna amfani da taba, wato kashi 10 na maza da kashi 1.1 na mata.

Likita yana daga cikin mutane ƙalilan da mashayi kan saurari maganarsu a kan taba ba tare da ya ɗauke ta a matsayin shisshigi ba. Wannan ne ya sa masana harkar lafiya suka daɗe suna bibiyar abu biyu game da likitocin gobe, wato ko su da kansu suna sha, da kuma ko an koya musu yadda za su taimaka wa mai son dainawa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana waɗannan al'amura biyu, sannan a nuna inda suka shafi masana harshe. Dalili kuwa shi ne, babban makamin likita a wannan fage magana ce, kuma a Nijeriya da Ingilishi ake koyon likitanci, amma da yawa daga cikin marasa lafiya da Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko wani harshe na gida suke faɗar damuwarsu.

Abin nufi da "likitoci masu koyon aiki" a nan rukuni uku ne: ɗaliban likitanci da ke karatun shekara 6 a jami'a, da sababbin likitoci da ke yin shekarar horo ta dole a asibiti kafin a ba su cikakkiyar rajista, da kuma likitocin da ke neman ƙwarewa a wani fanni a asibitocin koyarwa.

2.0 Taba Da Kalmominta

Asalin taba daga nahiyar Amurka ne. Turawa ne suka ɗauko ta zuwa Turai a ƙarni na 16, kuma daga sunan Jean Nicot, jakadan Faransa a Fotugal wanda ya aika da ita fadar ƙasarsa wajen shekarar 1560, aka samo sunan nikotin, wato sinadarin da ke ɗaure mashayi. Ba a daɗe ba ta iso Afirka ta Yamma, domin tun a farkon ƙarni na 17 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya yi rubutu a kan hukuncinta. A ƙarni na 20 ne sigari na kamfani ya bazu a Nijeriya, aka kafa masana'antu a Ibadan da Fatakwal da Zariya, manoma da yawa kuma suka shiga noman taba don sayar wa kamfani.

Tsawon zaman taba a ƙasar Hausa ya haifar da kalmomi masu yawa. Akwai taba gari, wadda ake dakawa, wasu su haɗa da kanwa, a sa a baki ko a shaƙa ta hanci. Akwai lofe da tukunyar taba, waɗanda ake cusa ganye a ciki a kunna. Akwai fure, wato furen taba da mata kan goga a haƙora tare da goro don kwalliya. Sai sigari da ma'auninsa, kara da kwali. A 'yan shekarun nan shisha ta shigo birane, musamman a tsakanin matasa.

Aikatau da aka fi haɗawa da taba shi ne "sha", kamar yadda ake cewa sha ruwa da sha magani. Hausa ba ita kaɗai ke da wannan ba. A Yarbanci ana cewa "mu sìgá", kuma "mu" shi ne aikatau na shan ruwa. A Larabci ma ana amfani da "shariba" ga hayaƙin taba. Sunan kansa ya yi kama a harsunan uku: taba a Hausa, "tábà" a Yarbanci, "ụtaba" a Ibo. Za a ga muhimmancin waɗannan kalmomi ga aikin likita a kashi na 6.

3.0 Likitoci Da Taba A Tarihi

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 shan taba ba abin kunya ba ne ga likita a Turai da Amurka. A shekarar 1946 wani kamfanin taba na Amurka ya fara tallan sigarinsa mai suna Camel da iƙirarin cewa shi ne likitoci suka fi sha, kuma mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka ba ta daina karɓar tallan taba ba sai a 1953.

Abin ya fara canzawa a 1950, lokacin da Richard Doll da Bradford Hill a Ingila, da kuma Ernst Wynder da Evarts Graham a Amurka, suka fitar da sakamakon bincike da ya danganta shan sigari da sankarar huhu. A 1951 Doll da Hill suka aika wa likitocin Birtaniya takardar tambayoyi a kan yadda suke shan taba, kimanin 40,000 suka amsa. Daga nan aka ci gaba da bibiyar likitoci maza fiye da 34,000 daga cikinsu har shekara 50, ana rubuta abin da ya yi sanadin rasuwar kowane. Rahoton ƙarshe da ya fito a 2004 ya nuna cewa wanda ya ci gaba da sha har ƙarshen rayuwarsa yakan rasu da wuri da kimanin shekara 10 idan aka kwatanta da wanda bai taɓa sha ba. Ya kuma nuna cewa wanda ya daina yana da shekara 30 yakan tsira da kusan dukkan shekarun 10 ɗin nan, mai 40 ya tsira da kimanin 9, mai 50 da kimanin 6, mai 60 kuwa da kimanin 3.

Wani abin lura shi ne, da likitocin Birtaniya suka ga sakamakon farko a 1954, wanda daga jikin abokan aikinsu aka samo shi, sai suka riga sauran jama'a dainawa. Doll da kansa mashayi ne, kuma tun a lokacin bincikensa na farko ya daina. Bayan haka ne Kwalejin Likitoci ta Sarauta da ke Landan ta fitar da rahotonta a 1962, Babban Likitan Gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fitar da nasa a 1964. Daga wannan tarihi ne masana suka fahimci cewa a ƙasashe da dama raguwar shan taba a tsakanin likitoci ita ke fara zuwa kafin ta jama'a.

Sai dai wannan canji bai kai ko'ina a lokaci ɗaya ba. Alal misali, binciken da aka yi a birane 6 na ƙasar Sin a 2004 ya gano cewa kashi 41 cikin 100 na likitoci maza suna shan taba, na mata kuwa kashi 1 kacal.

4.0 Halin Da Masu Koyon Aiki Ke Ciki

A shekarar 2003 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita amfani da taba, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005. Nijeriya ta tabbatar da shigarta a wannan shekara ta 2005. Sashe na 14 na yarjejeniyar ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin samar da hanyoyin taimaka wa masu son dainawa. A 2005 ɗin ne kuma aka keɓe bikin Ranar Yaƙi da Shan Taba ta Duniya, wadda ake yi kowace 31 ga Mayu, ga rawar da ma'aikatan lafiya za su taka.

A wannan shekara Hukumar, tare da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka da Ƙungiyar Lafiyar Jama'a ta Kanada, ta gwada wani bincike a tsakanin ɗalibai 'yan aji uku masu karatun likitanci da haƙori da jinya da haɗa magunguna a ƙasashe 10, ciki har da Masar da Yuganda da Indiya. Sakamakon ya nuna abu uku. Na farko, a ƙasashe 7 daga cikin 10 fiye da kashi 20 cikin 100 na ɗaliban suna shan sigari. Na biyu, tsakanin kashi 87 zuwa 99 sun yarda cewa ba wa mashayi shawarar dainawa yana cikin aikinsu. Na uku, kashi 5 zuwa 37 ne kawai aka taɓa koya wa yadda ake yin hakan a aji. Wato niyya tana nan, amma ilimin aiwatar da ita ya yi ƙaranci. Nazarce-nazarcen da aka yi a wasu makarantun likitanci da asibitocin koyarwa na Nijeriya su ma sun koka da irin wannan giɓi na horo.

Akwai dalilan da ke sa ɗalibin likita ya sha taba duk da sanin illarta. Yawancin mashaya suna farawa ne kafin su cika shekara 20, don haka da yawa sun riga sun kamu tun kafin su ga huhun mashayi a ɗakin fiɗa. Ga kuma karatun dare da kwanan asibiti da fargabar jarrabawa, waɗanda ke sa mai sha ya ga kamar karan sigari ne kaɗai hutunsa. Sannan akwai shisha, wadda wasu matasa masu ilimi ba sa lissafa ta a cikin taba, bisa zaton cewa ruwan da hayaƙin ke ratsawa yana tace gubar. Wannan zato kuskure ne. Tun a 2005 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi gargaɗin cewa a zaman shisha na awa ɗaya mutum kan iya zuƙar hayaƙin da ya kai ninki 100 ko fiye na kara ɗaya.

Shan tabar likita ba shi kaɗai yake cutarwa ba. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa likita mai sha bai cika tayar wa marar lafiya da zancen taba ba kamar yadda wanda ba ya sha yake yi. Marar lafiyar da ya ji warin taba a rigar likita kuwa da wuya ya ɗauki gargaɗinsa da muhimmanci. Haka kuma ya kamata a karanta alƙaluman irin waɗannan bincike da hankali, domin abin da mutum ya faɗa da bakinsa ake rubutawa. A al'ummar da ake ganin shan taba abin kunya ne, musamman ga mace, ba kowa ne zai amsa gaskiya ba.

5.0 Ilimin Da Ake Bukata

5.1 Yadda Nikotin Ke Kama Mutum

Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa sankara. Waɗannan ne ke kawo yawancin cututtukan, amma nikotin ne ke hana mutum rabuwa da su. Idan aka zuƙi hayaƙi, nikotin yakan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya sa ta saki sinadarin dofamin mai kawo jin daɗi. Bayan kimanin awa 2 rabin nikotin ɗin ya bar jini, sai jiki ya nemi ƙari. Wanda ya daina yakan fuskanci saurin fushi da rashin natsuwa da ƙarancin barci da yawan jin yunwa. Waɗannan alamu sun fi tsanani a makon farko, sukan lafa cikin mako 2 zuwa 4, ko da yake marmarin taba kan dawo jefi-jefi har bayan watanni. Wannan ne ya sa daga cikin masu yunƙurin dainawa ba tare da wani taimako ba, kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ne kawai ke ɗorewa har wata 6 zuwa shekara.

Don auna zurfin kamuwa, ana amfani da ma'aunin Karl Fagerström na 1978, wanda aka yi wa gyara a 1991. Tambayoyi 6 ne, amma biyu sun fi nauyi: kara nawa mutum ke sha a rana, da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka bayan tashi daga barci kafin ya kunna na farko. Wanda ke kunnawa cikin minti 30 da farkawa ya yi nisa, mai kunnawa cikin minti 5 kuwa ya fi shi.

5.2 Gajeriyar Shawara Da Matakanta

A 1979 Michael Russell da abokan aikinsa suka gwada tasirin maganar likita a Landan. A cikin mashayan da likita ya ba shawara a taƙaice, ya miƙa musu 'yar takardar bayani, ya kuma gaya musu za a sake tuntuɓarsu, kashi 5.1 cikin 100 sun daina har bayan shekara. A cikin waɗanda ba a ce musu komai ba kuwa kashi 0.3 ne. Adadin yana da kamar kaɗan, amma idan aka yi la'akari da dubban mutanen da likita ɗaya ke gani a shekara, za a ga girmansa. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 sun nemi kowane ma'aikacin lafiya ya ba da irin wannan shawara, wadda ba ta wuce daƙiƙa 30 zuwa minti 3.

Tsarin da aka fi koyarwa shi ne na matakai biyar da hukumar lafiyar jama'a ta Amurka ta yaɗa a shekarar 2000. A Ingilishi kowane mataki yana farawa da harafin A don sauƙin hadda. Wannan dabara takan ɓace idan aka fassara kalma da kalma, don haka ake ba da shawarar waɗannan kalmomi na Hausa masu farawa da harafin T:

(a) Tambaya: a tambayi kowane marar lafiya ko yana amfani da taba, a rubuta amsar a katinsa.
(b) Tunatarwa: a gaya masa a fili cewa dainawa ita ce mafi alheri ga lafiyarsa, a danganta maganar da ciwon da ya kawo shi.
(c) Tantancewa: a gano ko a shirye yake ya gwada a cikin wata guda mai zuwa.
(d) Taimako: a sa ranar dainawa, a tattauna abubuwan da ke tayar masa da marmari, a ba shi magani idan da bukata.
(e) Tuntuɓa: a sake ganinsa ko a kira shi a cikin makon farko bayan ranar da aka sa.

Wanda bai shirya ba, ba a yi masa faɗa. Ana jawo shi ne ya faɗi da bakinsa abin da taba ke ci masa da abin da ke hana shi bari, a kuma sake tayar da zancen duk lokacin da ya dawo.

5.3 Magunguna

Akwai magungunan maye gurbin nikotin, irin su cingam da filastar mannawa a fata da alewar tsotsa. Suna ba jiki nikotin ba tare da hayaƙi ba, a riƙa ragewa cikin mako 8 zuwa 12, kuma suna ƙara yiwuwar nasara da kashi 50 zuwa 60 cikin 100 a kan ta wanda bai yi amfani da su ba. An sa cingam da filasta a jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2009. Akwai kuma ƙwayoyin bufurofiyon da bareniklin, waɗanda aka ƙara a jerin a 2021, da saitisin, wanda aka daɗe ana amfani da shi a gabashin Turai. Dole likita ya san iyakar kowane. Alal misali, ba a ba mai farfaɗiya bufurofiyon. Haɗa magani da shawara ya fi kowane ɗayansu shi kaɗai tasiri.

5.4 Ribar Dainawa

Mashayi ya fi bukatar jin abin da zai samu fiye da abin da zai same shi. Cikin awa 12 da dainawa iskar guba ta kabon monokzaid da ke cikin jini takan koma daidai. Cikin wata 1 zuwa 9 tari da haki sukan ragu. Bayan shekara ɗaya haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya yakan ragu da kusan rabi, bayan shekara 10 kuma haɗarin sankarar huhu ya zama kimanin rabin na mai sha. Wanda za a yi wa tiyata, idan ya daina mako 4 kafin aikin, rauninsa ya fi saurin warkewa. Shan taba yana kuma ƙara haɗarin tarin tibi, wanda Nijeriya ke cikin ƙasashen da suka fi fama da shi.

6.0 Matsalolin Harshe

Duk matakan nan biyar da baki ake aiwatar da su. Likita Bahaushe da ya yi karatu da Ingilishi yakan rasa kalmar da zai sa idan ya koma harshensa. Likitan da ba Bahaushe ba kuwa, ko an tura shi Arewa hidimar ƙasa ko yana duba Hausawan Sabo a Ibadan ko na Idi-Araba da Agege a Legas, yakan dogara da 'yan kalmomin da ya tsinta ko da tafinta na wucin gadi. Ga wasu wuraren da ake samun tangarɗa.

Na farko, tambayar kanta. Idan likita ya ce "Kana shan taba?" mai sa taba gari a baki ko a hanci zai iya cewa a'a, kuma bai yi ƙarya ba, domin shi ba "sha" yake yi ba. Matashi mai shan shisha ma zai ce a'a. Haka nan kalmar "shaye-shaye" tana ɗauke da ma'anar ƙwaya da wiwi da giya, don haka dattijo zai ji an zage shi idan aka yi masa tambaya da ita. Tambayar da ta fi kamawa ita ce wadda ta lissafo nau'o'in: sigari, taba gari, lofe, shisha.

Na biyu, sunan kamuwa. "Jaraba" tana da nauyin zargi, kamar ana cewa halin mutum ne ya lalace. "Sabo" kuma ya yi sauƙi da yawa, bai nuna canjin da nikotin ya yi wa ƙwaƙwalwa ba, kuma karin maganar "sabo turken wawa" yana iya sa marar lafiya ya ji an kira shi wawa. "Kamuwa" ta fi dacewa, domin da ita ake maganar cuta. Ga marmarin da ke taso wa wanda ya daina, Hausa tana da tsohuwar kalma "ƙawa", wadda ake amfani da ita ga tsananin son nama ko goro bayan an daɗe ba a samu ba.

Na uku, sunan dainawa. "Ragewa" daban, "dainawa" daban, kuma marar lafiya kan ce "na bari" alhali ragewa ya yi. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin ko kara ɗaya a rana yana da haɗari mai yawa ga zuciya. "Tuba" kuwa tana mayar da ɗakin likita wurin hukunci. Don bayyana aikin cingam da filasta, kalmar "yaye" tana da amfani. Kowane Bahaushe ya san yaro yakan yi kuka da rigima a kwanakin farko na yaye, sannan ya haƙura, don haka kalmar tana shirya mutum ga wahalar makon farko, tana kuma ba shi tabbacin cewa za ta wuce.

Na huɗu, sunayen cututtuka. "Ciwon zuciya" a bakin jama'a yana iya nufin baƙin ciki, har mashayi ya ce ai taba ce ke rage masa shi. Sankara da ciwon daji da kansa duk ana amfani da su ga cuta ɗaya, kuma wasu na ɗaukar ciwon daji a matsayin cutar da ba ta asibiti ba ce. Akwai bukatar masana su daidaita waɗannan kalmomi.

Na biyar, ladabin magana. Mai koyon aiki sau da yawa sa'an ɗan marar lafiyar ne, kuma umarni kai tsaye daga yaro zuwa babba bai dace da al'ada ba. "Ka daina shan taba" daidai ne a nahawu, amma dattijo zai fi sauraron wanda ya ce: "Baba, wannan tarin da ya kawo ku yana da nasaba da taba. Da za ku amince mu gwada dainawa tare, da mun ga sauƙi." Jam'in girmamawa da "mu" na haɗin gwiwa sun sassauta maganar ba tare da sun ɓoye gaskiyar ba. Ga mace kuwa, ya fi kyau a yi tambayar ba a gaban miji ko suruka ba, a kuma haɗa da tambayar ko akwai mai sha a cikin ɗaki, saboda lafiyarta da ta yara. Ga marar lafiya Musulmi, watan azumi lokaci ne da ya dace a sa ranar dainawa, tun da ya riga ya saba da wuni ba kara.

7.0 Kammalawa

An ga cewa likitoci sun zama hujja a kan illar taba, kuma gajeriyar maganarsu tana da tasirin da aka auna. An kuma ga cewa mafi yawan masu koyon aiki suna son taimakawa, amma kaɗan ne aka koya wa yadda ake yi, wasunsu ma su da kansu suna bukatar taimakon. Nijeriya tana da dokoki, tun daga Dokar Soja ta 20 ta 1990 zuwa Dokar Taƙaita Amfani da Taba ta Ƙasa ta 2015, wadda ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 da kuma sayarwa kara-kara. Amma doka ba ta zama da wanda ya riga ya kamu ta ji damuwarsa. Wannan aikin ma'aikacin lafiya ne.

Saboda haka ana ba da shawara uku. Makarantun likitanci su sa matakan taimaka wa mai son dainawa a manhaja da jarrabawar aiki, su kuma tanadi hanyar sirri ta taimaka wa ɗalibansu masu sha. Sassan nazarin harsunan Nijeriya su haɗa kai da asibitocin koyarwa na jami'o'insu wajen tsara ɗan ƙamus na kalmomin taba da dainawa a Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsuna, tare da fassara ma'aunin Fagerström da gwada fassarar a kan masu jin harshen. Sannan ɗaliban digiri na biyu da na uku a fannin harshe su nazarci yadda hira take gudana tsakanin likita da marar lafiya, da izinin waɗanda abin ya shafa, domin a san kalmomin da ke buɗe bakin mashayi da waɗanda ke rufe shi. Kalmomin da aka kawo a wannan maƙala shawara ce kawai, kuma sai an gwada su a ɗakin likita za a san waɗanda suka zauna.